Yadda Ake Tono Tarihin Jarumin Kaboyi na Zamanin Fim Marar Magana: Mu Gwada da Tom Mix

Tun da na rubuta labarin Tom Mix, jarumin kaboyin Amurka da ya yi tashe kafin fim ya fara magana, tambaya ɗaya ke ta dawo mini: ina ka samo waɗannan bayanai, kuma wanda yake son rubuta tarihin wani irinsa, ko ya shirya shi don rediyo ko YouTube, ta ina zai fara? Ɗalibai masu nazarin fim sun tambaya. Wani dattijo da ya ci zamanin kaboyi a silimun Kano ma ya aiko jikansa da tambayar. Ga yadda nake yi, daki-daki. Da Tom Mix zan riƙa ba da misali, domin a cikin jaruman wancan zamani babu wanda aka lulluɓe tarihinsa da ƙarya kamarsa, kuma wanda ya iya warware nasa, na sauran ba zai gagare shi ba.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Waya mai ɗan girman fuska ta isa a fara, amma kwamfuta ta fi, saboda tsofaffin jaridu ƙananan rubutu gare su. Sai manhajar VLC don kallo, kyauta ce. Sai littafin rubutu mai kauri da biro kala biyu. Kusan duk rumbunan da zan ambata kyauta ne, don haka data ce za ta ci maka kuɗi. Fim na awa ɗaya a matsakaicin haske yakan kai megabait ɗari uku zuwa ɗari biyar, mujallun da aka ɗauki hotonsu shafi-shafi kuwa su ma suna da nauyi. Idan kamfanin layinka yana da tsarin dare mai sauƙi, da shi za ka riƙa saukewa. Ka ware wa aikin mako shida zuwa takwas idan da yamma kawai kake samun sarari. Turanci kuma dole ne, ko da na karatu ne kawai.

Mataki na 1: Tsayar da mutum ɗaya

Kada ka ce za ka rubuta tarihin kaboyi gaba ɗaya, za ka watse. Ɗauki mutum ɗaya. Ga waɗanda bayanansu suka fi samuwa: Broncho Billy Anderson, wanda sunansa na yanka Max Aronson, ya fito a The Great Train Robbery na 1903, ya rasu 1971. William S. Hart, ɗan wasan daɓe ne da ya shigo fim da shekarunsa, ya rasu 1946. Tom Mix, 1880 zuwa 1940. Sai Buck Jones da Hoot Gibson da Fred Thomson. Akwai kuma Bill Pickett, baƙar fata, gwanin kayar da bijimi, wanda ya yi aiki a gandun kiwo ɗaya da Tom Mix. Ni dai ina jiran ranar da wani Bahaushe zai zauna ya rubuta nasa tarihin da kyau, ya cancanta.

Hattara: kaboyin da iyayenmu suka kalla a silimun Rex da Palace na Kano yawanci masu magana ne, na bayan 1930. Idan dattijo ya ba ka labarin jarumin da ya gani, ka rubuta, abu ne mai daraja, amma kada ka ɗauka kai tsaye cewa na zamanin shiru yake nufi.

Mataki na 2: Raba littafinka gida uku

Tun kafin ka buɗe intanet, ja layi biyu a kowane shafi, ya zama gida uku. Gida na farko: abin da aka ce. Na biyu: wa ya faɗa, a ina, a wace shekara. Na uku: na tabbatar ko ban tabbatar ba. Duk abin da ka karanta a gida na farko zai fara sauka, komai girman wanda ya faɗe shi. Ba ya samun jan biro a gida na uku sai ka gan shi a takardar hukuma, ko a wurare biyu da ba su kwafi juna ba.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mutane suke tsallakewa. Shafuka goma a intanet za su iya faɗin abu ɗaya, amma idan ka bi sawu sai ka tarar duk daga takardar talla guda ta 1920 da wani abu suka sha. Shaida ɗaya ke nan, ba goma ba.

Mataki na 3: Kafa turaku biyu, haihuwa da mutuwa

Fara da ranar haihuwa da wurinta, da ranar mutuwa da wurinta. Duk sauran labarin tsakanin waɗannan turaku zai rataya.

Buɗe asusu a FamilySearch, kyauta ne, imel kawai suke nema. A nan za ka samu takardun ƙidayar jama'ar Amurka, wadda ake yi duk shekara goma. Takardar tana nuna sunan maigida da sana'arsa, da 'ya'yansa da shekarunsu, da jihar da aka haifi kowa. Nemi ta 1880, 1900, 1910, 1920, 1930 da 1940. Kada ka wahalar da kanka neman ta 1890, gobara ta lalata kusan dukkanta a 1921.

Tom Mix an haife shi ranar 6 ga Janairu, 1880, a wani ƙauye mai suna Mix Run a jihar Pennsylvania, gabashin Amurka, ƙasar dazuzzuka da yankan katako. Ya girma a garin DuBois, inda mahaifinsa yake kula da bargar wani attajirin katako. A bargar nan ya koyi doki, ba a dajin Texas ba. Ya rasu ranar 12 ga Oktoba, 1940, a jihar Arizona.

Hattara da kwanan wata: Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana. Idan ka ga 10/12/1940, 12 ga Oktoba ke nan, ba 10 ga Disamba ba. Haka 1/6/1880, 6 ga Janairu ce, ba 1 ga Yuni ba. Na sha ganin wannan kuskure a rubuce-rubucen mutanenmu.

Hattara da suna: da sunan yanka ake nema a takardun hukuma. Thomas Mix za ka rubuta, ba Tom ba. Sunansa na tsakiya ma ya sauya, Hezekiah aka raɗa masa, shi kuma ya koma amfani da Edwin, sunan mahaifinsa. Gwada duka biyun, kuma ka tuna masu ƙidaya da hannu suke rubutu, sukan karkata harafi.

Mataki na 4: Tace labarin 'yan talla

A nan aikin yake, kuma a nan za ka fi daɗewa.

Kowane kamfanin fim na wancan lokaci yana da ma'aikata da aikinsu shi ne ƙirƙira wa jarumi tarihi. Su rubuta, su aika wa jaridu, jaridu su buga yadda yake. Na Tom Mix ga abin da ya ƙunsa: wai a kusa da El Paso ta Texas aka haife shi, wai ya yi yaƙi a Kuba tare da mahayan Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, wai ya je yaƙi a Sin da Filifin, wai ya shiga Yaƙin Boer a Afirka ta Kudu, wai harsasai sun huda jikinsa a fagen fama. Shi ma kansa bai ƙaryata ba, har ƙara gishiri yake yi idan 'yan jarida sun zo.

Abin da takardun soja suka nuna daban ne. Ya shiga soja a watan Afrilun 1898, lokacin yaƙin Amurka da Sifaniya, aka sa shi a rundunar manyan bindigogi masu gadin gaɓar teku. Bai ƙetare teku ba. Ya kai muƙamin saje, ya sake sa hannu a 1901, ya yi aure a 1902, ya tafi hutu bai komo bariki ba. A ƙarshen shekarar aka rubuta shi cikin waɗanda suka tsere. Ba a taɓa gurfanar da shi ba.

Ga yadda za ka bi kowace da'awa. Ka rubuta ta ita kaɗai a layi. Ka tambayi kanka: in da gaske ne, wace takarda ya kamata ta nuna? Soja yana da rajista, ɗan sanda yana da takardar naɗi, aure yana da lasisi a ofishin gunduma. Sannan ka duba shekarun, ko mutum ɗaya zai iya kasancewa a wuraren nan duka a lokaci guda. Wanda yake bariki a gabashin Amurka a 1900 ba ya kan doki a Afirka ta Kudu.

Sai abin da ya fi daɗi: nemi ƙwayar gaskiyar da aka gina ƙaryar a kanta, domin kusan kullum akwai ta. A 1905 Tom Mix ya hau doki cikin ayarin kaboyi da suka yi fareti a Washington ranar rantsar da Roosevelt. Ka ga inda alaƙarsa da Roosevelt ta tsaya, sauran 'yan talla ne suka hura. Haka zancen cewa shi babban jami'in tsaro ne mai farautar 'yan fashi: abin da ya tabbata shi ne ya taɓa riƙe aikin tsaron dare na ɗan lokaci a ƙaramin garin Dewey na Oklahoma. Hawan doki da harbi da jifan igiya kuwa gaskiya ne tsantsa, ya goge a gandun kiwo na 101 na 'yan'uwa Miller a Oklahoma, inda ake shirya wasannin dawakai ana yawo da su gari-gari.

A rubutuna na farko a kan mutumin nan, shekarun baya, na sa Texas a matsayin mahaifarsa, saboda na gani a wurare uku. Wani mai karatu ya ja hankalina cikin ladabi. Abin ya dame ni ƙwarai, don mutane sun riga sun ɗauka sun yaɗa, kuma ba duk wanda ya karanta kuskuren ne ya ga gyaran ba. Daga ranar na fara jan layukan nan na mataki na biyu.

Hattara: kada ka zubar da ƙaryar bayan ka gano ta. Ita ma tarihi ce. Ka rubuta wa ya ƙirƙire ta, da dalilinsa. Masu kallo a lokacin suna son su yarda cewa mutumin da ke kan allo kaboyi ne na haƙiƙa, kamfani kuma tikiti yake sayarwa. Kuma kada gano tserewarsa daga soja ya sa ka mayar da rubutunka kotu. Ka faɗi abin da ya faru, ka wuce.

Mataki na 5: Jera finafinansa bisa kamfani

Kada ka jera bisa harufa. Bi kamfani da shekara, nan take rayuwar za ta fito da kanta. Ta Tom Mix ga ta:

Selig Polyscope, 1909 zuwa 1917. Gajerun finafinai, yawanci naɗi ɗaya ko biyu. Da yawa shi ya rubuta, shi ya ba da umarni.
Fox, 1917 zuwa 1928. Nan ne ganiyarsa, dogayen finafinai, har da filin ɗaukar fim nasa da ake kira Mixville a Los Angeles.
FBO, 1928 zuwa 1929. Ƙarshen zamanin shiru.
Daga 1929 ya bi ayarin wasan tanti na Sells-Floto, masu yawo da dawakai da namun daji.
Universal, 1932 zuwa 1933, finafinai tara masu magana.
Mascot, 1935, The Miracle Rider, mai kashi 15, shi ne na ƙarshe.

Wurin farawa shi ne IMDb, shafin intanet mai tara bayanan finafinai, amma kowa yana iya sa hannu a cikinsa, saboda haka ka gwada shi da AFI Catalog, kundin Cibiyar Fim ta Amurka, wanda kyauta ne kuma ya fi inganci a kan dogayen finafinai. Naɗi ɗaya na fim ƙafa dubu ne, wato minti goma zuwa sha biyar. Idan ka ga an ce fim naɗi biyar ne, kusan awa guda ke nan.

Hattara da jimilla: za ka ga 291 a wasu wurare, sama da 300 a wasu. Dalili shi ne bayan ya yi suna a Fox, wasu 'yan kasuwa sun kwaso tsofaffin gajerun finafinansa na Selig, suka harhaɗa, suka sauya musu suna, suka sayar kamar sababbi. Fim ɗaya sai ya shiga lissafi sau biyu. Ka faɗi adadin da ka ɗauka, ka faɗi inda ka samo shi.

Hattara da suna iri ɗaya: Riders of the Purple Sage an yi shi a 1918 da William Farnum, a 1925 da Tom Mix, a 1931 da George O'Brien. Kullum ka haɗa suna da shekara.

Mataki na 6: Gano waɗanda suka tsira

Kafin ka ɓata dare kana neman wani fim, tabbatar yana nan a duniya. Binciken da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka marasa magana sun ɓace kwata-kwata. Sinadarin da aka yi fim ɗin wancan zamani da shi yana ruɓewa, kuma yana kama wuta kamar fetur. Ranar 9 ga Yuli, 1937, ma'ajiyar Fox da ke Little Ferry a jihar New Jersey ta ƙone, yawancin aikin Tom Mix na shekarun ganiyarsa ya tafi a nan. Abin da ya rage daga finafinansa ɗan kaɗan ne, ana ƙiyasta kusan ɗaya cikin goma.

Ɗakin karatun yana da rumbun bayanai a intanet na finafinan da suka tsira, yana nuna wace ma'ajiya ke riƙe da kowanne, da ko cikakke ne ko guntu. Shafin Silent Era ma yana rubuta matsayin kowane fim. Sa alama uku a jerinka: yana nan cikakke, guntu ne, ya ɓace.

Abin da zai ba ka mamaki, wasu finafinan a ƙasashen waje suka tsira, a kwafin da aka tura haya ba a mayar ba. Ma'ajiyar fim ta Prague a ƙasar Cek tana da tarin finafinan Amurka na zamanin shiru mafi girma a wajen Amurka. Saboda haka kada ka yi mamaki idan ka buɗe fim ɗin kaboyi ka ga rubutun cikinsa ba Turanci ba ne.

Hattara: wanda ya ce zai sayar maka da fim ɗin da duk ma'ajiyoyi suka rubuta ya ɓace, riƙe kuɗinka.

Mataki na 7: Kalli fim ɗin yadda ya kamata

Nemi sunan fim da shekararsa a Internet Archive, sannan a YouTube. Na Tom Mix fara da uku: Sky High na 1922, wanda aka ɗauka a kwazazzabon Grand Canyon, kuma aka sa shi a rajistar finafinan tarihi ta Amurka a 1998; Just Tony na 1922, wanda dokinsa ne jigon labarin; da The Great K & A Train Robbery na 1926, da aka ɗauka a duwatsun Colorado. Sauke su, kada ka kalla kai tsaye, domin sau uku za ka kalli kowanne.

Kallo na farko don jin daɗi ne, ajiye biro. Na biyu, tsaya a kan kowane allon rubutu da ke fitowa tsakanin hotuna, ka kwafe shi, ka rubuta mintin da ya fito. Na uku, jikin jarumin kawai za ka kalla.

Kafin ka fara, gyara gudun fim ɗin. Da hannu ake juya na'urar ɗauka a lokacin, hotuna 16 zuwa 22 a daƙiƙa ɗaya ko kusa da haka, alhali fim mai magana 24 ne. Idan aka kunna tsohon fim a gudun sabo, sai ka ga mutane suna tafiya kamar ana korarsu. A VLC rage gudun zuwa 0.8 ko 0.9, ka zuba ido a kan wanda yake tafiya a ƙasa ko yake zuba ruwa a kofi. Idan tafiyar ta koma irin ta mutane, ka dace. Wuraren sukuwa da faɗa kuwa da gangan ake ɗan hanzarta su, kada ka rage har su mutu.

A kallo na uku, danna harafin E a kwamfuta, fim zai riƙa matsawa hoto ɗaya-ɗaya. Da wannan ne za ka gane ko jarumin ne da kansa ya yi tsallen. Duba ko fuskarsa tana bayyane lokacin da ƙafarsa ta bar likkafa, ko an yanke hoto an koma nesa inda hula ta rufe fuska. Na yi wannan a fim ɗin jirgin ƙasan nan na 1926 wani dare, wuta ta ɗauke, sauran cajin kwamfuta kaɗan. Ina matsa hoton ɗaya bayan ɗaya, ga doki yana gudu dab da jirgi, ga mutum mai shekara arba'in da shida yana ta'ammali da tarago mai tafiya kamar matakalar gidansa. A nan na gane cewa tarihin yaƙe-yaƙen da aka ƙaga masa bai ma buƙace shi ba. Ya karye sau da yawa a wannan sana'a, kuma raunukan na gaske ne.

Hattara da launi: idan ka ga hoto ya koma shuɗi, dare ake nufi, ruwan ɗorawa kuma rana ko hasken fitila. Rina fim ɗin ake yi tun asali. Wannan daban yake da kwafin da wasu suke shafa wa launi da kwamfuta a yau. Guje wa waɗannan, suna ɓata fuska da tufafi.

Hattara da fassarar na'ura: allunan rubutun cike suke da karin maganar makiyayan Amurka, ana cin harufa da gangan. Google Translate yakan kwaɓa su. Nemi wanda ya ji Turanci sosai ya duba maka.

Za ka kuma ga yadda finafinan suke nuna 'yan asalin Amurka da 'yan Meziko da 'yan Sin, sau da yawa a wulaƙance. Ka rubuta shi yadda ka gan shi. Ɓoye wa mai karatu hakan, rashin adalci ne gare shi.

Mataki na 8: Shiga jaridun zamaninsa

Rumbuna biyu ne ƙashin bayan aikin. Na farko Lantern, injin bincike na Media History Digital Library, wanda ya tara mujallun harkar fim irin su Moving Picture World da Motion Picture News da Photoplay da Exhibitors Herald. Na biyu Chronicling America, tarin tsofaffin jaridun garuruwan Amurka. Duka kyauta.

Sa sunan cikin alamar zance, "Tom Mix", in ba haka ba zai kawo maka duk wani Tom da ke duniya. Sannan taƙaita shekara ɗaya-ɗaya. Duk shafin da ka ɗauka, sa wa hoton suna da shekara, wata, rana da sunan jarida nan take. Idan ka bari sai gobe, za ka tara hotuna ɗari ba ka san na ina ba ne.

Ba duka jaridun ne nauyinsu ɗaya ba. Mujallun masoya irin Photoplay daɗin karatu gare su, amma a nan 'yan talla suke sauke kayansu. Mujallun 'yan kasuwa sun fi gaskiya a kan ranar fitowar fim da tsawonsa da kwangila. Wanda na fi so shi ne shafin Exhibitors Herald mai suna What the Picture Did for Me, inda masu silimun ƙananan garuruwa suke rubuto ko fim ya kawo musu jama'a ko sun yi asara. Mutum ne da ya biya kuɗin haya daga aljihunsa, ba shi da dalilin yabon abin da bai cika masa kujeru ba.

Fim ɗin da ya ɓace ma a nan za ka samu taƙaitaccen labarinsa da hotunansa. Ka yi amfani da su, amma ka faɗa wa mai karatu cewa daga mujalla ka ɗauko, ba kallo ka yi ba.

Hattara da na kuɗi: Newspapers.com ya fi yawan jaridu, amma biya ake yi, kuma gwajin kyautarsu sai ka sa katin banki. Tara duk tambayoyinka tukuna, ka shiga ka gama cikin kwanakin gwajin, ka soke kafin su cire.

Mataki na 9: Kuɗi, iyali da doki

Albashi: za ka ga dala 7,500 a mako a wasu wurare, 17,000 a wasu. Rubuta duka biyun tare da mai faɗa. Don mai karatu ya gane nauyin kuɗin, yi amfani da na'urar lissafin hauhawar farashi ta hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka. Dala 7,500 ta 1925 ta haura dala dubu ɗari a yau. Kada ka juya ta zuwa naira ko sefa, wata biyu lissafin zai tsufa.

Aure: sau biyar ya yi, daga 1902 zuwa 1932. Ta huɗu, Victoria Forde, abokiyar fitowarsa ce a fim. 'Ya'ya mata biyu gare shi, Ruth da Thomasina. Tsaya a kan ranaku da takardu, bar tsegumi.

Doki: ba shi shafinsa. Kafin Tony, shahararren dokinsa, akwai Old Blue. Tony ja ne mai fari a goshi, ya je Turai da ubangidansa a 1925, an ɗauki sawun kofatonsa a siminti a ƙofar silimar Grauman ta Hollywood a 1927, ya mutu a 1942. A wasu finafinan Universal wani doki ne daban, Tony Jr., kada ka haɗa su.

Hattara: shirin rediyo mai sunan Tom Mix da aka fara a 1933 ya ci gaba har bayan mutuwarsa. Bai taɓa magana a ciki ba, wasu ne suke kwaikwayonsa. Muryarsa ta gaskiya tana finafinan 1932 zuwa 1935.

Mataki na 10: Hotuna da haƙƙin mallaka

A dokar Amurka, aikin da aka wallafa a wancan zamani yana fita daga haƙƙin mallaka bayan shekara 95, saboda haka finafinan 1929 zuwa baya sun zama na kowa. Amma kiɗan da ke kan kwafin da ka sauke sabo ne, wani ya tsara shi kwanan nan, yana da mai shi. Idan bidiyo za ka yi, cire sautin gaba ɗaya, ka sa muryarka ko kiɗan da kake da izininsa, in ba haka ba YouTube zai kama ka. Hotuna kuwa ɗauko daga Wikimedia Commons ko daga shafukan mujallun Lantern, ka rubuta asalin kowanne a ƙarƙashinsa. Gidan tarihin Tom Mix da ke Dewey yana riƙe da sirdunansa da tufafinsa, kana iya rubuta musu idan wani hoto ya shige maka duhu.

Mataki na 11: Zauna ka rubuta

Ɗauki abin da ya samu jan biro kawai ka gina labarin da shi, bisa shekaru. Abin da bai samu ba, ko ka bar shi, ko ka sa masa "kamfanin ya ce" ko "an ruwaito". Bar sunayen finafinai da Turancinsu don mai son nema ya samu, ka bayyana ma'anar a cikin jimla. Karanta da ƙarfi kafin ka saki, musamman idan na rediyo ne, domin shekaru da yawa a jere suna gajiyar da kunne.

Babin mutuwa shi ne gwajin ƙarshe, don a nan marubuta suka fi ƙara gishiri. Ga abin da ya tabbata. Ranar 12 ga Oktoba, 1940, da rana, Tom Mix ya taso daga Tucson ya nufi Phoenix shi kaɗai a motarsa ƙirar Cord ta 1937. Kudu da garin Florence ya iske shingen masu aikin gada, yana cikin gudu, ya kasa tsayawa, motar ta faɗa kwari ta kife. Wani akwatin ƙarfe da ke bayansa ya taso ya buge shi a wuya. Shekararsa 60. An binne shi a maƙabartar Forest Lawn da ke Glendale a Kalifoniya. A wurin da abin ya faru, gefen hanyar da yanzu ake kira lamba 79, an kafa dutsen tunawa da siffar doki da sirdi babu mahayi, kansa a sunkuye. Za ka iya ganinsa a Google Maps idan ka rubuta Tom Mix Memorial. Abin da ke cikin akwatin, da gudun da yake yi, da maganar da wai ya yi kafin ya cika, kowace jarida da nata. Waɗannan a gida na farko za su zauna, tare da sunan jaridar da ranar da ta buga.